Ƙasan Bene

Shekara sha ɗaya na kwana bisa injin Nomau,
ɗakin sama, layin da ya gangara Ɗan Gulbi.
Kafin ladan ya gyara murya ya riga ya tada,
daɓe ya ɗauki rawa, kwanonina suna amshi,
hoton marigayi a bango ya karkace hagu.
Kullum in daidaita shi, kullum ya koma.

Garin hatsi na hawowa ta matakala,
ya zauna a gira, ya kwanta bisa sallaya.
Ƙofa ta gaba Rabe ne da kwalaben mai,
jajaye, jere a rana kamar zoɓon sayarwa.
Ni da jikoki uku muna barci saman ashana.

Ba zan ɓoye ba, ni na kai ƙara.
Na ɗaura zanen Jumma'a, na hau kabu-kabu
har ma'aikatar magajin gari.
Na ce da yaron ofis: ɗana, gida ne ko tasha?
Ya rubuta. Na dangwala yatsa.

Wata huɗu, sai ga su da igiyar awo
da takarda mai hatimi biyu, suka manna a ginshiƙi.
Habsu jikata ta karanta da faransanci, ta juya mani:
ƙasan bene, in akwai masu kwana a sama,
kanti ya halatta, da tela, da mai magani,
da mai aski na kujera da madubi.
Ban da walda, ban da mai a kwalba,
ban da inji mai girgiza gini.
A bar taku uku tsakanin kaya da kwalta,
ƙofar masu gida daban, ta ciniki daban.

Rabe ya kwashe cikin dare, ban yi kewa ba.
Nomau kwana uku ya yi yana kwance notuna.
Amalanke biyu suka ɗauki injin gunduwa-gunduwa,
jakin gaba ya tirje a bakin kwata.
Nomau ya ɗago kai, fari fat har gashin ido,
ya ce: Inna Tsahara, a yafe mana ƙara.
Bai san yatsan wa ke kan takardar ba.
Ko ya sani.
Na ce: Allah shi ba da sa'a. Na ja labule.

Yanzu ƙasa gilashi ne da farar fitila,
wata yarinya na aika kuɗi Agadas da Lome,
sanyi na silalowa ta ƙarƙashin ƙofarta.
Tana gaisuwa da ladabi, ba ta san sunana ba,
ba ta ajiye wa kowa makulli, ba ta ba da bashi.
Hoton marigayi ya miƙe cak,
yana dubana ido cikin ido,
abin da bai saba ba ko da ransa.

Doka ba ta yi ƙarya ba, na shaida:
tarin Habsu ya lafa, ba na mafarkin gobara.
Amma sau biyu asuba ta wuce ni a wannan mako,
kuma in dare ya raba ina jin tafiyar ƙadangare.

Jiya na ɗauki tiya biyu ta hatsi
zuwa rumfarsa, can bakin hanyar Tibiri.
Dala arba'in zuwa, dala arba'in dawowa,
niƙan kansa dala ashirin.
Ya karɓi kwano, ya ƙi karɓar kuɗi,
ya ce: Inna, ai yanzu ana samun barci?
Na ce: ƙwarai.
Na zauna bisa buhu, na jingina da langa-langa,
ya ja igiya, ƙasa ta ɗauki rawa.
Sai da azahar ya tashe ni.